Yayana da Rufin Kabarinsa

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu tattaru. Yayana ya riga mu tafiya a ƙarshen bazarar bana, a gidanmu na Kademi, bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ina rubuta wannan ne saboda na lura mutanen da suka zo gaisuwa kowa da mutumin da ya sani, kuma ina tsoron in muka ƙare, mu da muka san shi gaba ɗayansa, sai gutsattsari su rage.

Ni na zauna a bakin zaure ina karɓar gaisuwa, don ni ne babba a cikin waɗanda suka saura. Wata farar bas ta zo daga Kano cike da malaman jami'a, suna cewa Farfesa ya tafi. Ɗaya daga cikinsu, mutum mai furfura, ya riƙe hannuna ya kasa saki. Ya ce Yaya ne ya fara nuna masa yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa, da kofin gilashi da tsinken tsintsiya, kuma tun daga ranar bai ƙara kallon kofin ruwa kamar da ba. Wani mai walda daga Gaya ya ce bai taɓa samun mai ba shi aiki mai wahala irin na marigayi ba, kuma bai taɓa jin daɗin aiki irin nasa ba. Tsofaffin mata daga Balan suka wuce cikin gida, ina jin ɗaya tana cewa yanzu kuma wa zai sayi makubarsu, wato ɓawon ɗorawar da suke tara masa. Wani dattijo daga dangin mahaifiyarmu, cikin waɗanda har yau suke kiwo, ya durƙusa ya yi addu'a, sannan ya ce mini da Fulatanci, a hankali, ai ya bi shanun nan da yake gani.

Wata mata daga Ajingi ta tsaya nesa da maza ta aiko a kira ni. Ta ce ɗanta yana da farfaɗiya tun yana ƙarami, kowa yana cewa aljanu ne. Yaya ya gan shi ya faɗi a kasuwa. Bai yi musu da ita a kan aljanu ba. Ya ce mata, "A ci gaba da addu'a, kada a fasa. Amma gobe ki shirya shi, zan zo mu je Kano a duba kansa." Ya zo da motarsa, ya kai su, ya zauna a kan benci har aka gan su. Ta ce ɗan nata yanzu yana noma, har ya yi aure. Ban taɓa jin labarin nan daga bakin Yaya ba.

Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa, in an ga na juya. Ba a rufe Yaya da itace ba. A wajenmu, in an kwantar da mamaci a siririn ramin da ke cikin babban rami, itace ake jerawa a kai, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura ƙasa. Haka aka yi wa iyayenmu da kakanninmu. Shi kuwa Yaya da wasu marufai na ƙasa aka rufe shi, masu lanƙwasa kamar bayan ƙwarya, waɗanda ya yi da hannunsa. Ba a taɓa rufe kowa da su ba. Na ji wani tsohon manomi yana ce wa na kusa da shi, "Allah ya jiƙan Malam. Sai dai a jira ruwan Agusta."

Ɗayan ya ce, "Ni ba mamacin nake ji ba, shi ya tafi. Liman nake ji. In ƙasar nan ta jiƙe ta rufta a kan mamacin, da wane ido zai hau mumbari?"

Liman taubashinmu ne, ɗan gwaggonmu, sa'an Yaya. Yana zaune a gefena yana jan carbi. Na san ya ji, don yatsunsa sun tsaya kaɗan sannan suka ci gaba.

Tun muna yara Yaya mai sauraron abubuwa ne. In Inna ta aike mu kasuwar Ajingi sayen randa, sai ya bi layin masu tukwane yana ƙwanƙwasa kowace da ɗan yatsa, kunnensa a jikinta, idonsa a lumshe. Yana cewa mai lafiya tana amsawa, mai tsaga a ɓoye kuwa haɗiye muryarta take yi. Masu tukwane suna korar mu. Da rana tsaka, in muka fita kai wa Baba abinci gona, sai ya tsaya yana kallon kawalwalniya a can ƙarshen fili, ruwan da ba ruwa ba. Ya taɓa bin ta har muka ɓace. Da muka dawo Inna ta tambaye shi abin da ya je nema, ya ce yana so ne ya ga inda take ƙarewa.

Wannan halin ya kai shi makarantar gwamnati, ya kai shi jami'a, ya kai shi wata ƙasa mai sanyi a Turai inda ya yi shekaru masu yawa. Ya fara da ilmin haske da zafi da motsi. Daga nan ya koma binciken jikin abubuwa, wato me ya sa gilashi ke fashewa ƙarfe kuwa ke lanƙwasawa, me ke riƙe ƙwayar yumɓu da 'yar'uwarta. Ni kuma aikin tafinta ya yi ta yawo da ni ƙasa-ƙasa, sai wata shekara hanya ta bi da ni ta garin da yake.

Ya kai ni ɗakin bincikensu. A lokacin yana aiki da wasu likitocin ƙwaƙwalwa. Su suna so su saurari abin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yi, shi kuma aikinsa ya ƙera musu wata waya da ta fi gashin kai siranta, ya lulluɓe ta da abin da jiki ba zai ƙi ba. Ya zaunar da ni gaban wata lasifika, ya ce in rufe ido. Sai na ji wani sauti, ƙas, ƙas-ƙas, can kuma ya yawaita, kamar yayyafin farko a kan rufin kwano.

Ya ce, "Ka san mene ne wannan?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ɓera ne ya ji ƙanshin abinci. Ƙwaya ɗaya ce a kansa take gaya wa maƙwabciyarta."

Dusar ƙanƙara na sauka a bayan taga, mu biyu 'yan Kademi muna zaune muna sauraron tunanin ɓera. Na daɗe ban buɗe ido ba. Ya ce da ni, "Duk abin da ka taɓa ji, har muryar Inna tana kiran mu, da irin wannan yayyafin aka rubuta shi a kanka. Ni dai ban ga abin da ya ƙara mini tsoron Allah kamar ɗakin nan ba."

Inna ta rasu yana can. Bai samu jana'iza ba, sai da damina ta yi nisa ya iso, muka tafi ziyara mu biyu. Muka tarar kabarin ya rufta. Gara ta cinye itacen, ruwa ya bi, ƙasa ta zurma ta tsakiya, har ana hango farin abu a gefe. Ba sabon abu ba ne a maƙabartunmu, kowace damina ana gyara irinsa, musamman yanzu da kirya da marke suka yi wuya, kowane ɗanyen itace aka samu da shi ake rufewa. Amma wannan Inna ce. Yaya ya tuɓe rigarsa, muka ari fartanya, muka gyara. Sai da muka shiga Kano a hanyar komawa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ina can ina yi wa ɓera rufi."

Da ya dawo daga Turai ya koyar a jami'a a Kano har ya yi ritaya, amma bai zauna a birni ba. Ya dawo Kademi, ya gyara ɗakunan Baba, ya share bayan gida. Mutane sun zaci gonar gwaji zai yi. Sai aka ga yana haƙa ramuka, dogaye, sirara, daidai tsawon mutum.

Matarsa, wadda muke kira Yaya Hajiya, ita ta fara kira na a waya. Ta ce, "Alhaji, ka zo ka ga yayanka. Kaburbura yake haƙa mini a bayan ɗaki. Maƙwabta sun hana 'ya'yansu shigowa, an ce muna kiran mutuwa. Jiya na fita shanya na kusa faɗawa ɗaya."

Na zo. Na same shi tsugune, hannu duk laka, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke. Ya bayyana mini abin da yake nema. Ƙasa, in ji shi, tana da ƙarfi in an danne ta, ba ta da shi in an ja ta. Shi ya sa shimfiɗaɗɗen tubali ke karyewa ta tsakiya in an ɗora masa nauyi. Amma in ka lanƙwasa shi, yadda maginan da suke ɗaure rufin soro, sai nauyin ya bi gefe-gefe ya sauka, kowace ƙwaya tana danne 'yar'uwarta. Mai waldan Gaya ya ƙera masa akwatin ƙarfe mai lanƙwasa, yana cika shi da jar ƙasa da yumɓu, ya matse da jak ɗin mota. In marufin ya bushe sai ya jera a kan rami, ya kife ƙwarya a ciki a madadin mutum, ya tura ƙasa, ya bar wa damina. Da kaka ya tone. In ƙwaryar ta fito lafiya, ya yi murna. Yawanci a fashe take fitowa.

Abin da ya fi ba shi wahala ruwa ne. Ƙasa komai matsinta in ta sha ruwa sai ta saki. Bayan shekaru ya samo haɗin da ya tsaya: tokar ɓawon gyaɗa da ɗan siminti kaɗan. Ƙwarya ta fito ba ko tsaga. A nan ne ya aika a kira Liman.

Su biyun ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Yaya na ce masa ɗan mace, bawan gidanmu. Shi kuma yana ce wa Yaya bokan Turai. Ranar ina nan. Liman ya zagaya ramin, ya ɗaga marufin, ya yaba nauyinsa, ya ce, "To, boka, me ka zuba a ciki?"

Yaya ya faɗa masa.

Liman ya ajiye shi a hankali, ya goge hannu. Ya ce, "Toka daga wuta ta fito. Siminti ma da wuta ake yin sa. Malamanmu ba sa son a sa abin da wuta ta ci a kan mumini, ana yi masa fatan nesa da ita."

"A birni da tukwane ake rufewa, ɗan mace. Tukunya a inuwa ake gasa ta?"

"Na birni suna da malamansu da uzurinsu. Ban ce haramun ba ne. Na ce ba a so, kuma ni ba zan fara shi a garin nan ba."

"Amma ka yarda gara ta ci itace ƙasa ta faɗa wa mutum a fuska."

"Wannan ba ni na yi ba. Wancan kuwa da hannuna za a yi."

Yaya ya ce masa abin da ba zan rubuta ba, a kan mutanen da suka fi tsoron toka a kan ruɓewa. Liman ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, bai ko tsaya sawa ba. Damina guda ba su yi magana ba. Yaya na bin sa salla, ana sallamewa ya fice. Gwaggo da tana raye da ta haɗa kawunansu ta gwara, amma babu sauran wanda ya isa.

Na zaci Yaya zai kai marufansa wani gari inda ba a damu da toka ba. Ni na ba shi shawarar haka. Na ga yadda ake yi a wurare da yawa: a Masar ɗakuna ake ginawa a ƙarƙashin ƙasa, a tsibiran gabas katako ake jinginawa, a wasu garuruwan hamada faffaɗan dutse. Na ce masa duniya da faɗi, kowa da yadda yake rufe nasa. Ya ce, "Ba don duniya na fara ba. Inna a nan take." Sai ya tara duk marufan tokar ya yi dakalin zama da su a ƙofar gida, ya koma farko.

A wannan karon ya nufi makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da kakanninmu ke shafe katanga da shi don kada ruwa ya ci. Ya bi tsofaffin maginan Gaya yana tambaya, ya sa matan Balan suna tara masa ɓawo buhu-buhu. Yana jiƙawa a ruwan sanyi, don ko tafasawa ya ƙi yi, kada a ce wuta ta shiga. Bayan gidan ya koma wari da jan ruwa. Yaya Hajiya ta ce ta haƙura, ta auri marini ba ta sani ba.

A cikin wannan aikin ne hannunsa ya fara rawa. Da farko na dama, in yana zaune. Sannan tafiyarsa ta gajarce, fuskarsa ta daina nuna abin da ke ransa. 'Yarsa ta fari, wadda ta ci sunan Inna muke ce mata Uwata, ita ma binciken ƙwaƙwalwa ta karanta, tana aiki a Kano. Ita ta kai shi aka duba, ita ta faɗa masa sunan ciwon, wanda a ƙwaƙwalwa yake. Ta ce mini ya saurare ta har ƙarshe, ya yi mata tambayoyi kamar ɗaliba ce gaban masu jarrabawa, sannan ya ce, "Madalla. Na daɗe ina leƙen ɗakin nan ta taga, yanzu an buɗe mini ƙofa."

Daga baya shanu suka fara zuwa. Yawanci bayan la'asar, in rana ta karkata haske ya yi laushi a tsakar gida. Muna zaune sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, su wuce." Farare ne, in ji shi, masu dogayen ƙaho, irin na kawunnanmu lokacin muna yara. Suna shigowa ta bangon gabas su fita ta na yamma, ba sa taka tabarma, ba sa ƙara. Wani lokaci akwai mace a bayansu da ƙwarya a kai, ba ta juyowa.

Bai ji tsoronsu ba, kuma bai yarda sun ruɗe shi ba. Yana da gwajinsa. Sai ya sa yatsa ya danna gefen ido ɗaya a hankali. Duk abin da yake na gaske, randa da turmi da ni kaina, sai ya rabu biyu, don idanun sun saɓa. Shanun kuwa suna nan ɗai-ɗai. Sai ya ce, "Kai biyu ne, saboda haka kana nan. Su ɗaya ne, daga ciki suke." Ya kira Uwata a waya ya ba ta labari dalla-dalla, launinsu, ta inda suka shigo, ko ya sha magani kafin ko bayan. Ta ce mini tana rubutawa tana hawaye, shi kuma yana mata faɗa ta daina sa son rai a cikin aiki.

Wata rana na tambaye shi matar da ke bayan shanun. Sai ya ce, "Ita ban taɓa danna mata ido ba."

Labarin ciwon ne ya dawo da Liman. Ya shigo wata safiya ba sallamar kirki, ya tarar Yaya yana kokawa da hannun jak, ƙarfen na kuɓuce masa. Ya tsaya yana kallo. Can ya naɗe hannun riga ya ce, "Matsa, boka. Aikin bayi ne wannan, ai ka sha faɗa." Tun daga nan kusan kullum bayan hantsi yana zuwa, shi ke matsawa Yaya na auna ruwa. Suna yi suna gardama a kan komai, tun daga ganin wata har zuwa wanda ya kayar da wani a kokawa shekara sittin da suka wuce.

Damina biyu a jere ƙwarya ta fito lafiya daga ƙarƙashin marufan makuba. Ba toka, ba siminti, rana kaɗai ta busar da su. Liman da bakinsa ya ce ɗanyen tubali irin wannan shi malamai suka fi so a kan itace ma. Yaya ya ce to shi ke nan, a fara.

Liman ya ce, "A kan wa?"

"A kan duk wanda Allah ya kawo."

"Ƙwarya ba ta da 'ya'ya, taubashi. In ya rufta a kan uban wani, me zan ce masa? In ce muna gwaji ne?"

Yaya ya jima yana kallon hannunsa da ke rawa a kan gwiwa. Ya ce, "Gaskiyarka. A inda na yi aiki ma ba a gwada abu a kan mutum sai da yardarsa. To ga mai yarda. A fara da ni."

"Kai ma in ka mutu mamaci ne. Haƙƙinka a wuyana yake kamar na kowa."

"Na yafe."

"Ba kai kaɗai ke da kai ba."

A haka suka bar ta. Liman bai ce e ba, bai ce a'a ba, har Yaya ya daina iya magana mai tsawo, har ya daina fita tsakar gida. Marufan suna jingine a rumfa an lulluɓe su da buhu.

Ranar da ya cika, bayan an yi masa salla, matasa suka kawo itace kamar yadda aka saba. Muna isa maƙabarta sai ga amalanke a bayanmu. Yaya Hajiya ce ta sa aka ɗoro marufan, ba ta yi shawara da kowa ba. Aka sauke su gefen itacen. Aka kwantar da Yaya a kan damansa. Sai kowa ya zuba wa Liman ido.

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ɗaya. Ya juya shi, ya shinshina, ya dube ni ya ce, yadda kowa zai ji, "Alhaji, kai shaida ne wuta ba ta taɓa wannan ba?"

Na ce, "Kai ka matsa shi da hannunka, Liman."

Ya ce, "Na sani. So nake su ji." Sannan ya ce wa matasan, "Ku mayar da itacen inuwa, wani zai buƙata." Ya yi bisimilla ya miƙa na farko.

Daga nan sai jira. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ban koma Kano ba, na zauna a ɗakin Baba. Duk sanda hadari ya haɗo daga gabas sai in ga mutane suna ɗan kallon Liman a masallaci. Shi kuwa ya rame. Matarsa ta gaya wa Yaya Hajiya cewa in ana ruwa ba ya iya zama, sai ya yi ta zagaya ɗaki.

A tsakiyar Agusta aka yi ruwan da ya kwana ya wuni, katangu suka faɗi a unguwarmu, hanyar Gaya ta yanke. Da gari ya waye sama ta washe, Liman ya aiko in fito. Muka tafi mu biyu, tsofaffi, muna dogara sanda muna zamewa a taɓo. Maƙabartar ta yi kore shar, ƙasa na fitar da tururi, fararen balbelu na tafiya a tsakanin kaburbura kamar masu neman wani. Mun wuce wasu da suka zurma. Ban iya ɗaga kai ba sai da Liman ya tsaya.

Tudun Yaya ya kwanta kaɗan, ko'ina daidai, yadda sabuwar ƙasa ke yi. Ba rami, ba tsaga. Ciyawa ta fito a kansa. Liman ya zagaya shi, yana danna gefe-gefe da sanda a hankali. Ya yi masa sallama, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya ce, ba da ni yake ba, "To, boka."

A gida muka tarar da Uwata, ta zo tun kafin hanya ta yanke. Ta kawo mana kunu a zaure, ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce, "Baffa, yaya kuka same shi?"

Na ce, "Ya tsaya, Uwata. Aikin babanki ya yi."

Ta sunkuyar da kai ta yi hamdala, ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ɗago, kuma wallahi fuskar Yaya na gani. Ta ce, "Damina ɗaya ce, Baffa. Itace ma yakan kai damina ɗaya. Da yana nan cewa zai yi ba a san komai ba tukuna, sai an samu wani a gefensa, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, an rufe shi da itace, a bar su shekaru a gani."

Na ce mata ta bari mana mu yi murnar yau.

Liman ya ajiye ludayinsa. Ya ce, "A'a, bar ta, 'yar ubanta ce." Ya dubi ƙofar zaure, inda ruwa ke ɗiga daga indararo. Sannan ya ce, "Akwai fili ta gabas da shi, na gani ɗazu. Alhaji, in na riga ka, a sa ni nan. A rufe ni da itace, yadda aka rufe ubana. Sauran marufan a ba duk wanda ya nema da bakinsa."

Uwata ta ce, "Baba Liman, ba haka nake nufi ba."

Ya ce, "Na san abin da kike nufi. Tun muna tsirara nake gardama da mutumin nan, ba wanda ya taɓa raba mu. Ke kina da sauran shekaru, in Allah ya yarda. Ki riƙa aikawa ana duba mu bayan kowace damina, ki rubuta gaskiya ko a kan wa ta faɗa."

Ya ɗauki ludayin ya ci gaba da shan kununsa.

Allah ya gafarta wa Yaya, ya yalwata masa inda yake kwance, ya haɗa shi da Inna a inuwar da ba ta gushewa. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen.